Jidda, Amaryar Bahar Maliya: Mako Guda A Gidan Masu Kiwon Murjani

 Na tabbata da yawa daga cikinmu mun tashi mun ga murjani a cikin adudun kakanninmu, ko a wuyan amare ranar buɗar kai. Tawa kakar tana da wani tsakiya ɗaya na jan murjani da ta gada wajen mahaifiyarta, ba ta fito da shi sai ranar salla, kuma idan yaro ya kai hannu sai ta buge hannun ta ce, "Kai, wannan ya girmi ubanka." Har na yi aure, na gama kwalejin ilimi, na fara koyarwa a Islamiyya, a zatona murjani wani dutse ne mai daraja da ake haƙowa daga ƙasa kamar zinariya. Ina karantar da yara Suratur Rahman, inda aka ambaci murjani har sau biyu, ina gaya musu daga teku yake fitowa, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda yake samuwa a cikin tekun ba.

A watan Janairun 2025, wanda ya yi daidai da Rajab na 1446, Allah ya nufe ni da zuwa Umra tare da maigidana. Bayan mun kammala ibada ya wuce Madina da abokan tafiyarmu, ni kuma ya bar ni mako guda a Jidda wajen gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta haura shekara talatin a can, kuma mijinta ya rasu watanni bakwai kafin zuwanmu. Ta'aziyya na je yi. Ban san zan dawo da labarin da zan ba ku yau ba.

Tankin da ke falon Gwaggo

Daga Makka zuwa Jidda bai wuce kilomita 80 ba. Jirgin ƙasa na Haramaini muka hau, wanda ya fara aiki a 2018, kafin in gama gyara zama har mun iso. 'Yar autar Gwaggo ce ta zo tarye na, budurwa mai shekara ashirin da biyar, ta karanci ilimin halittu a jami'a, tana koyarwa a wata makarantar 'yan mata. A Jidda aka haife ta, Hausarta tana gauraye da Larabci, amma da ta ce "Yaya, sannu da hanya" sai na ji kamar a Fagge muke.

Ina shiga falo, kafin mu gama gaisawa da Gwaggo, idona ya faɗa kan wani akwatin gilashi da ya kusa cinye bango guda. Lita 400 na ruwan gishiri yake ci. Fitila mai shuɗin haske tana rataye a samansa, wasu kifaye huɗu masu launin lemo da rawaya suna kai da komo, a ƙasa kuma duwatsu ne da wasu abubuwa a kansu masu kama da rassan bishiya, wasu kamar naman kaza, wasu kamar ƙwaƙwalwar rago. Sai dai yawancinsu sun koɗe, sun yi fari fat kamar tsohon ƙashi, ga wani yauƙi ruwan ƙasa-ƙasa ya lulluɓe yashin da ke ƙasa.

Gwaggo ta lura da inda nake kallo, sai ta ce, "Ɗiyata, kayan marigayi ne. Shekara tara yana fama da shi. Tun da ya tafi abin nan ya ƙi daɗi. Na ce wa ƙanwarki a kira masu saye su kwashe, kuɗin wuta kawai yake ci mana, kuma ganinsa yana mutuwa a gabana ya fi rashinsa ciwo."

Ƙanwata ta sunkuyar da kai ta ce, "Umma, kin ce kin ba ni zuwa azumi."

"Na ba ki. Amma in azumi ya zo yana nan fari, khalas."

A nan na fahimci akwai magana a ƙasa. Da dare ƙanwata ta ce kafin ta yi mini bayanin ciwon tankin, sai ta fara kai ni na ga garin, domin a cewarta wanda bai ga tsohuwar Jidda ba bai san murjani ba.

Garin da aka gina da ƙashin teku

Washegari bayan la'asar muka nufi Balad, wato tsohon birnin Jidda. Larabawa suna yi wa garin kirari da Amaryar Bahar Maliya. Tarihi ya nuna Halifa Usman bin Affan, Allah ya ƙara masa yarda, shi ne ya mayar da Jidda tashar jiragen ruwan Makka a shekarar 647 Miladiyya, tun daga lokacin kuma ta zama ƙofar da alhazan teku ke shigowa. An rushe ganuwar birnin a 1947, sannan a 2014 hukumar UNESCO ta sanya Balad cikin wuraren tarihi na duniya.

Lungunan ƙanana ne kamar na cikin birnin Kano, sai dai gidajen dogaye ne, hawa huɗu, biyar, wasu har fiye. Kowane gida yana da tagogin katako da suka turo waje, masu ƙananan ramuka, ana kiransu rawashin. Da katakon da jiragen ruwa ke kawowa daga Indiya da Jawa aka sassaƙa su. Matan gida suna zama a ciki su sha iska, su ga mai wucewa, shi kuwa ba ya ganinsu. Na ce a raina, ashe su ma sun san darajar zaure da asabari.

Mun tsaya a gaban Gidan Nasif, wanda aka gina a ƙarshen ƙarni na 19, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka lokacin da ya shiga Jidda a 1925. A ƙofar gidan akwai tsohuwar bishiyar darbejiya, irin tamu ta dogon yaro, wadda mutanen garin ke cewa an yi zamanin da ita kaɗai ce bishiya a Jidda. Daga nan ƙanwata ta ja ni wani lungu inda yaɓen bango ya zube, ta ce in shafa. Dutsen yana da kaushi da ƙananan ramuka jere-jere kamar saƙar zuma, har da ɓawon dodon koɗi a maƙale.

Ta ce, "Yaya, wannan murjani ne. Duk gidajen nan da shi aka gina su."

Daga gaɓar teku magina ke yanko shi, su sassaƙa shi kamar tubali, su jera, suna ratsa katako a tsakani don nauyin ya rarrabu, sannan su shafe da farar ƙasa saboda danshin teku kada ya cinye shi. Haka aka gina Sawakin ta ƙasar Sudan a ɗaya gaɓar, garin da kakanninmu masu zuwa Makka a ƙasa suke yada zango bayan sun ratso Barno da Cadi da Darfur, kafin su hau jirgin ruwa su tsallako. Na tsaya ina tunanin Hausawa nawa ne suka jingina da irin wannan bango suna hutawa, ba su san ƙashin wata halitta ce ke riƙe da bayansu ba.

A kasuwar Alawi mun ga carbi baƙi mai sheƙi da ake kira yusur, wanda asalinsa baƙin murjani ne na Bahar Maliya. Shi kuwa jan murjanin kakata wani iri ne daban, daga tekun Bahar Rum yake fitowa, garin Torre del Greco na Italiya ya shahara da sassaƙa shi, kuma ta hanyar fataken Sahara ya riƙa isowa ƙasar Hausa. Dangi ne da wanda ke gina duwatsun teku, amma ba su zama ɗaya ba.

Ashe dabba ce

Kwana biyu bayan haka muka je gidan kifi na Fakieh da ke bakin teku, wanda aka buɗe a 2013. A can na ga murjani mai lafiya, kore da shunayya da ruwan hoda, yana rausaya kamar gero a cikin iska. Ƙanwata ta sa na matso da fuskata jikin gilashi. Sai na ga kowane reshe cike yake da ƙananan bakuna, kowane baki da 'yan yatsu kewaye da shi suna buɗewa suna rufewa.

Murjani dabba ce, 'yan uwa. Kowane baki da na gani halitta ce guda, sau da yawa ba ta wuce ƙwayar gero ko ta dawa ba, dubbai suke zama wuri ɗaya manne da juna. Kowacce tana jan sinadarin kalsiyam daga ruwa tana gina wa kanta ɗaki na farar ƙasa. Idan na ƙasa suka mutu, na sama su ɗora gini a kansu, har a wayi gari bayan dubban shekaru an sami tudu a cikin teku. Waɗannan tuddai ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku suna dogara da su wajen abinci ko mafaka.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda take ci. A cikin naman murjani akwai wasu ƙananan tsirrai dangin gansakuka, ido ba ya ganinsu, miliyoyi ne. Su ne ke amfani da hasken rana su haɗa sukari, su ba murjani mafi yawan abin da yake rayuwa da shi. Shi kuma ya ba su masauki, ya ba su dattin jikinsa ya zama musu taki. Cuɗe ni in cuɗe ka ke nan. Yawancin launin ruwan ƙasa da ake gani a jikin murjani ma nasu ne. Idan baƙin nan suka fita ko suka ƙare, naman ya zama garau kamar gilashi, farin ƙashin ya bayyana. Murjanin da ya yi fari bai mutu ba tukuna, amma yunwa yake ji, in abin ya daɗe kuwa sai mutuwa.

A teku, zafin ruwa ne babban abin da ke jawo wannan. Idan ɗumin ruwa ya haura abin da aka saba gani a tsakiyar bazara da digiri ɗaya kacal, ya kuma ɗauki makonni a haka, murjani ya fara korar baƙinsa. An ga irin wannan a duniya baki ɗaya a 1998, da 2010, da tsakanin 2014 zuwa 2017. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta sanar da aukuwar karo na huɗu, kuma daga farkon 2023 zuwa Maris na 2025 zafin ya shafi kimanin kashi 84 cikin 100 na tuddan murjanin duniya.

Na ce, "To naku ma zafi ne ya kama shi?"

Ta girgiza kai. "Namu ruwansa yana kan digiri 25 dare da rana, akwai na'urar sanyaya shi. Ni ce na kusa kashe shi, Yaya. Da tsafta."

Gyaran gangar Auzinawa

A daren ta zaunar da ni gaban tankin ta ba ni labari. Bayan rasuwar mahaifinta, kwana arba'in ba wanda ya kula da tankin sai zuba wa kifi abinci. Gansakuka ta fito ta rufe gilashi. Da ta dawo hayyacinta ta ga haka, sai ta ji kamar ta ci amanar Baba. Ta tashi haiƙan. Tana canza ruwa sau biyu a mako. Ta ƙure na'urar da ke kwashe datti ta hanyar kumfa. Ta sayo wani jan gari mai tsotse sinadarin fosfet ta cika matatar da shi. Ta rage abincin kifi zuwa sau ɗaya a kwana biyu, ta kuma ba da kifaye biyar kyauta don kashi ya ragu. Ruwa ya yi garau kamar hawaye. Duk wanda ya shigo sai ya yaba.

Wata biyu ba a yi ba murjani ya fara koɗewa. Ganin haka ta ɗauka dattin ne bai gama fita ba, sai ta ƙara ƙaimi. Ƙarshen rassan suka fara ƙonewa, naman yana saɓulewa, yauƙin nan mai ruwan ƙasa ya bayyana. Sai da ta sayi kayan awo masu kyau ta gwada ruwan. Naitiret: sifili. Fosfet: sifili.

Don in gane, ta tambaye ni ko na san takin zamani. Na ce wa zai tashi a gidan manoma bai san NPK ba? Ta ce harafin farko naitirojin ne, na biyu fosfaras, kuma su ne dai abincin tsirran da ke cikin murjani. A cikin ruwa suna zuwa ne a siffar naitiret da fosfet, daga kashin kifi da ragowar abinci. Abin da ta ɗauka ƙazanta ce tana kwashewa, shi ne takin gonar. Ta share gona tas, ta hana ta taki, sannan tana mamakin yadda shuka ta yi rawaya. Shi kuwa yauƙin, wasu ƙananan halittu ne da ke iya jure ruwan da ba komai a cikinsa, don haka da sauran ƙananan halittun da ke gasa da su suka mutu da yunwa, sai fili ya zama nasu. Wasunsu ma suna da guba da ke kashe dodon koɗin tanki.

Na ce, "Amma ai tekun da muka gani garau yake, ana hango ƙasa."

Ta ce gaskiya ne. Bahar Maliya tana da tsawon kimanin kilomita 2,250, kuma babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba a cikinta, shi ya sa takin ruwanta kaɗan ne, gishirinta kuma ya kai giram 40 a lita, alhali na sauran tekuna kimanin 35 ne. Masana sun daɗe suna mamakin yadda wuri mai yalwar halittu haka yake tsayuwa a ruwa maras taki, har suka laƙaba wa tambayar sunan Darwin, Baturen Ingilan da ya wallafa littafi kan tuddan murjani a 1842. Bambancin shi ne a teku igiyar ruwa ba ta tsayawa. Taki kaɗan ne a kowace lita, amma sabon ruwa yana wucewa dare da rana, da daddare ƙananan ƙwarin ruwa suna tasowa murjani ya kama, ga dubban kifaye suna kashi a kansa. A akwatin gilashi kuwa, abin da ka zuba shi ke nan. In ka kwashe, babu inda wani zai fito.

Ta ba ni labarin binciken Jami'ar Southampton ta Ingila, ƙarƙashin Farfesa Jörg Wiedenmann da Cecilia D'Angelo. A 2013 sun nuna cewa idan naitirojin ya yi yawa a ruwa alhali fosfet ya yi ƙaranci, murjani ya fi saurin yin fari da zarar zafi ko haske ya tsananta. A 2023 kuma suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi na fiye da kwana 200: sun ajiye murjani a tankuna ba tare da ba shi abincin da zai kama da baki ba, wasu tankunan da taki narke a ruwa, wasu babu. Na ruwa mai taki ya ci gaba da girma, na ruwa maras taki ya tsaya, ya koɗe. Suka gano murjani yana kiwon tsirran nan ne kamar yadda muke kiwon kaji: suna hayayyafa a jikinsa, yana cin rarar. Idan babu taki suka daina hayayyafa, shi kuwa bai daina ci ba, har ya cinye uwar garken.

Yadda ake mayar da taki

Makonni biyu kafin zuwana ta fara gyara, kuma a gabana ta ci gaba. Na rubuta matakan a littafina, ga su kamar yadda na gani.

Da farko ta cire jan garin nan mai tsotse fosfet gaba ɗaya. Na'urar kumfa kuma ta riƙa kashe ta na wasu awoyi da rana, amma tana barinta da dare, domin da dare tsirrai ba sa fitar da iskar shaƙa, ruwan yana buƙatar motsi. Canjin ruwa ya koma kashi 10 cikin 100 duk mako biyu.

Na biyu, abinci. Kifaye suka koma ci sau biyu a rana, ƙananan jatan lande daskararru, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu. Sau biyu a mako bayan an kashe fitila takan ɗiga wa murjanin nasa abincin da sirinji. Ta ce wannan ita ce hanya mafi aminci, domin kifi shi ne masana'antar takin tanki.

Na uku, da yake abinci kaɗai bai ɗaga awon ba, sai ta koma ga ruwan magani da ake sayarwa musamman don tankin murjani. Fosfet ta fara ɗigawa kafin naitiret, saboda darasin binciken 2013. A nan haƙurinta ya kusa ƙarewa, domin kwana goma tana ɗigawa da dare, da safe awo ya nuna sifili. Duwatsu da yashin tankin ne ke shanye fosfet ɗin, sai sun ƙoshi sannan ya tsaya a ruwa. Na ce mata ai sabuwar randa ce, sai ta sha nata kafin ta riƙe na masu gida. Ta yi dariya, karo na farko da na ji dariyarta tun zuwana.

Abin da masu wannan kiwo suka fi nema shi ne naitiret ya tsaya tsakanin miligiram 2 zuwa 10 a kowace lita, fosfet kuma tsakanin 0.03 zuwa 0.1. Ba a hawa da gudu: ita ba ta ƙara fiye da miligiram ɗaya na naitiret a rana, kuma ba ta canza abu biyu a lokaci guda, don in an sami matsala ta san daga ina take. Ta kuma rage ƙarfin fitila na ɗan lokaci, saboda murjanin da ya koɗe haske mai ƙarfi ƙona shi yake. Kowace safiya kafin ta tafi makaranta sai ta ɗebi ruwa a 'yar kwalba, ta ɗiga magani, ta duba launi, ta rubuta a littafin da mahaifinta ya bari. Rubutunsa yana shafukan farko, nata yana biye.

Na tambaye ta me zai hana a jefa ɗan takin gona kawai. Ta zaro ido ta ce kul. Takin gona yana iya ɗauke da gurɓatattun ƙarafa, kuma jan ƙarfe ko kaɗan ne yana kashe murjani.

Ranar da zan tafi, awon fosfet ya nuna 0.03 da safe ba tare da ya faɗi ba. Ƙanwata ta ruga ɗaki da kwalbar a hannu tana kiran Umma. Gwaggo ta fito ta duba tankin, ta ce, "Ni dai har yanzu fari nake gani." Ta koma ciki. Amma na lura da yamma ita da kanta ta zuba wa kifin abinci.

Tsuntsu, ɓera da murjani

Akwai wani labari da ƙanwata ta ba ni a hanyar filin jirgi wanda ya zauna mini a rai. A tsibiran Chagos da ke tsakiyar tekun Indiya, wasu tsibiran ɓeraye sun shige su ta jiragen ruwa tun ƙarnukan baya, suka cinye ƙwai da 'ya'yan tsuntsayen teku, wasu kuma ɓera bai taɓa taka su ba. A 2018 masana ƙarƙashin Farfesa Nick Graham na Jami'ar Lancaster suka kwatanta tsibirai 12, shida masu ɓera, shida marasa shi. Inda babu ɓera tsuntsaye sun yi yawa, suna zuwa nesa su ci kifi su dawo su yi kashi, ruwan sama ya wanke kashin zuwa gaɓa. Kifin da ke kewayen waɗannan tsibirai ya fi na masu ɓera yawa da kusan rabi. Binciken da ya biyo baya a 2023 ya nuna murjanin wajen yana girma kusan ninki biyu. Dubi ikon Allah: ɓera a kan tudu yana rage abincin halittar da ke ƙarƙashin ruwa.

Sai dai kada wata ta ɗauka yawan taki shi ne alheri. Inda ruwan kwata na birane da takin gonaki ke kwarara cikin teku, ciyawar ruwa ce ke tashi ta lulluɓe murjani ta hana shi haske, kamar yadda kainuwa da gansakuka ke rufe kududdufin da ake zuba wa shara. Manomi ya san in ya cika wa masara yuriya ƙonewa take. Rashi yana kashewa, yawa ma yana kashewa, aikin mai kiwo shi ne awo. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah da ke garin Suwal, kimanin kilomita 80 arewa da Jidda, wadda aka buɗe a 2009, tana renon murjani a tankuna don a mayar da shi teku, kuma irin wannan awon ne ma'aikatanta ke yi, sai dai nasu ya fi girma.

Ƙanwata ta roƙe ni in isar da saƙo ga masu zuwa Umra da ke fita shan iska bakin teku: kada a ɓalli murjani don tsaraba, kada a taka shi. Reshen da hannu zai karya cikin daƙiƙa ɗaya ya ɗauki shekaru yana girma. Nasu na gida ma duk wanda aka rena a tanki ne marigayi ya riƙa saye.

Bayan na dawo gida

A jirgi na yi ta tunanin ɗana na biyu. Tun da ya yi wata doguwar jinya yana ɗan shekara biyu na kafa masa doka: ba wasan ƙasa, ba shiga cikin yara, ba ƙosai, ba gyaɗa, ba kifi, duk abin da na ji an ce yana tayar da ciki na hana. Kunu da shinkafa fara kawai na yarda da su. Yaron ya zama tsaf-tsaf, shiru-shiru, siriri. Da na dawo na kai shi asibiti, likita ta auna shi ta ce jininsa ya yi ƙasa, ta rubuta magani, ta kuma jero mini abincin da zan riƙa ba shi: wake, ƙwai, hanta, kifi, zogale, alayyafo. Rabinsu ni ce na hana shi da hannuna. Tsafta wajibi ce, wanke hannu da tafasa ruwa ba abin wasa ba ne, kuma yaron da likita ya hana wa wani abinci a kiyaye. Amma tsoro ya sa na wuce inda likita ya tsaya, kamar yadda baƙin ciki ya sa ƙanwata ta wuce inda mahaifinta yake tsayawa.

Ana saura kwana uku a ɗauki azumi, saƙo ya shigo wayata ta WhatsApp. Hoton tankin ne. Yauƙin ya kau daga kan yashi. Rassa biyu sun mutu, sun zama dutse, ba su dawo ba. Sauran kuwa sun fara ɗaukar launin ruwan zuma, ɗaya har da ɗan kore a baki. A ƙasan hoton akwai muryar Gwaggo, tana cewa, "Ɗiyata, ki gaya wa maigidanki mun gode da ziyara. Abin nan na ƙanwarki mun bar shi. Ta ce kifi biyu za ta ƙaro bayan salla, na ce ni zan biya."

Allah ya ji ƙan mamatanmu, ya raya mana zuriya, ya ba mu ikon riƙe amanar duk wani mai rai da ya sanya a hannunmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.